Yadda Cinikin Sefa Ya Tashi Daga Rumfar Yayana

Yayana manomi ne tun asali, kamar mahaifinmu, kamar ni. Da ruwan kanal na noman rani ya iso ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, shi ne ya fara yarda a gidanmu a shuka tumatir da rani. Ciwon baya ne ya raba shi da gona. Ya kai ba ya iya sunkuyawa ya buɗe wa ruwa hanya, sai ya bar mini gonarsa na haɗa da tawa, shi kuma ya kafa rumfa a kasuwar Kura yana sayar da irin tumatir na gwangwani da irin albasa da maganin feshi. A lokacin na yi aure har da 'ya'ya, amma a gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, kuma duk abin da ya same shi ya same ni.

Canji ya shigo rumfar ne ba tare da kowa ya gayyace shi ba. Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi da yake zuwa sayen kauɗar tumatir da albasa da barkono. Wata ranar kasuwa nairarsa ta ƙare, ga kaya ya riga ya taya, sai ya zo wurin yayana ya ajiye sefa, kuɗin Nijar, ya karɓi naira. Yayana ya zuba takardun cikin wani tsohon gwangwanin iri, bai ma san inda zai kai su ba. Kafin la'asar sai ga Ardon Fulanin da suke zaune a bayan ƙauyenmu ya zo gaisuwa. Ardo duk shekara yakan tafi kasuwannin Nijar ya sayo 'yan maruƙa da raguna, ya kiwata su da harawa da ragowar amfanin gona. Da ya ji akwai sefa a rumfar, ya ce an hutar da shi shiga Kano. Ya saye ta duka a nan take.

Daga nan labari ya bazu. Mai sefa ya san inda zai kai, mai nema ya san inda zai samu. Masu kawowa fatake ne daga Maraɗi da Damagaram. Masu nema kuwa mutanenmu ne: masu sayo wake da dabino da kanwa, masu kiwo irin Ardo, da dillalan tumatir waɗanda idan sun sauke kaya a Legas sukan zarce Kwatano su sayo atamfa. Jarin yayana bai taka kara ya karya ba. Abin da yake da shi taruwar mutane ce. Sefar da ta shigo da hantsi takan fita kafin azahar, ribarsa 'yar kaɗan ce a kan kowace jaka, wato sefa dubu, amma jakunkunan suna da yawa. A waɗannan shekaru, idan ka ji wani a yankinmu ya canja kuɗi, to da wuya in ba a rumfar nan ba ne. Har mai shayi ya taso da teburinsa ya dawo kusa da mu.

Shekarar da soja suka canja launin kuɗi suka rufe iyakokin ƙasa, abin ya koma na raɗa. Fatake ba su daina zuwa ba, sai dai ta hanyoyin daji suke bi, su iso da ƙura har gira. Yayana ya ƙara jera gwangwanayen iri a gaban rumfa, canji kuma ya koma can ciki, bayan buhunan taki. Abin da ya fi damun mutane shi ne farashin sefa ya daina zama wuri ɗaya. Wanda ka ji a kasuwar wannan mako ba shi za ka tarar a ta mako mai zuwa ba.

A wannan yanayi ne Ardo ya zo da wata magana da ba mu taɓa ji ba. Ina zaune ranar, na kawo wa yayana kuɗin tumatir. Ardo ya jingine sandarsa, ya zauna a kan buzu, aka gaisa, aka tambayi shanu da iyali. Sannan ya ce ya ba wani dillali albasarsa an tafi da ita kudu, kuɗin ba za su dawo ba sai bayan kasuwa biyu, shi kuma yana son tafiya sayen raguna da zarar sun iso.

"Ina so ka riƙe mini farashin yau," in ji shi, "har ranar da kuɗina za su zo."

Ya kwance bakin zanen da yake ɗaure kuɗi, ya ajiye 'yan nairori a kan tabarma.

Yayana ya ce, "Kafin alƙalami ke nan?"

"A'a. Kafin alƙalami ai cikin kuɗin kaya yake. Wannan naka ne, ko na zo ko ban zo ba. Idan sefa ta hau, in zo in karɓa a farashin yau. Idan ta sauka, in saya a sabon farashi, ba ka bina, ba na binka."

"To Ardo, in ta sauka ai ka yi asarar wannan."

"Na yi. Amma na yi barci kwanakin nan. Jiya ban rintsa ba ina lissafin raguna nawa za su kuɓuce mini."

Yayana ya daɗe yana kallon kuɗin. Daga baya ya jawo gwangwani, ya ware sefar da Ardo yake bukata, ya naɗe ta a ƙyalle daban, ya ce, "Wannan taka ce har ranar. Ba zan taɓa ta ba."

Haka riƙo ya fara. Sunan da muka sa masa ke nan, kuɗin da ake bayarwa kuma kuɗin riƙo. Kafin rani ya fita, rabin masu neman sefa da riƙo suke farawa, domin kusan kowa a yankinmu kuɗinsa a hanya yake: yana cikin motar da ta tafi kudu, ko yana gona bai nuna ba. Yayana bai iya boko ba, ajaminsa ma ba mai yawa ba ne. Kowane mutum da launin ƙyallensa, kuma ban taɓa ganin ya rikita na wani da na wani ba. Idan kwanakin sun yi nisa, kuɗin riƙo ya ɗan ƙaru. Idan ana jita-jitar wani sabon abu daga gwamnati, shi ma ya ƙaru. Babu wanda ya koya masa, zama da mutane ne ya nuna masa.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗin abin ba, shi ne limamin ƙauyenmu, wanda kuma surukina ne, mahaifin matata. Wata rana bayan sallar la'asar ya tsayar da mu a ƙofar masallaci, ya jira mutane suka watse.

Ya ce wa yayana, "Na ji wani ciniki da kake yi. Abin da na karanta, canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi, a zama ɗaya. Ba a jinkirta shi."

Yayana ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, ranar da za a yi canjin hannu da hannu ake yi. Kafin ranar alkawari ne kawai."

"To kuɗin da kake karɓa fa, na mene ne? Me ka sayar?"

"Na ajiyar da nake yi ne. Na hana kaina sayar wa wani."

Malam ya girgiza kai a hankali. "Ban taɓa ganin babin sayar da alkawari ba. Ba na ce maka na san komai ba, akwai manya a birni, ka tambaya. Amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Yayana ya tambaya. Wani malami a Kura ya ce babu laifi tunda sefar tana hannu kuma kowa ya yarda. Wani a Madobi ya ce a guje shi. Yayana ya ɗauki maganar na farko, amma na san ta biyun ba ta bar shi ba, don wani lokaci yakan tayar da zancen muna cin tuwo, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Ni dai tun daga ranar na ƙudura ko da zan yi canji, ba zan karɓi kuɗin riƙo ba. Ba don na fi yayana tsoron Allah ba. Kunyar suruki ce, ba zan iya haɗa ido da shi ba.

A daidai wannan lokaci wani wuri yake tasowa a bakin titin Zariya, a kwanar da manyan motoci suke tsayawa lodin tumatir. Da farko 'yan rumfunan kara ne da masu saƙa kwando. Da noman rani ya bunƙasa daga Kadawa har Bunkure, kwanar nan, da ake kira Kwana kawai, ta zama gari guda: dillalai, 'yan lodi, masu abinci, direbobi suna kwance ƙarƙashin motocinsu. Kasuwar Kura sau ɗaya take ci a mako, Kwana kuwa kullum tana ci. Ni a can nake kai tumatir ɗina, don haka da idona na ga ranar da wasu samari suka ajiye benci a gindin wata darbejiya suka fara canji. Ba su daɗe ba suka kwaikwayi riƙo ma, kuma kuɗin riƙonsu ya fi na yayana sauƙi.

Na gaya wa yayana. Ya ce, "Yara ne. Wa zai ba su amanar kuɗinsa?"

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Mai son riƙo yana neman wanda ya amince da shi. Mai sefa a aljihu kuwa, wanda yake son naira yanzu ya biya kaya mota ta tashi, ba ruwansa da amana, tunda hannu da hannu ne. Motarsa a Kwana take tsaye. Me zai sa ya jira ranar kasuwa, ya hau mashin ya shiga cikin Kura? Fatake suka fara zubar da sefarsu a gindin darbejiya. Da sefa ta taru a can, masu nema suka bi ta. Da masu nema suka yi yawa, samarin suka iya rage ribarsu a kan kowace jaka, farashinsu ya fi namu daɗi ta kowane ɓangare. Daɗin farashin ya jawo wasu mutanen. Ban ga ranar da abin ya juya ba. Na dai lura wata ranar kasuwa cewa mai shayi ba ya nan, aka ce mini ya koma Kwana.

Na sami yayana a zaure da hantsi, ranar da ba kasuwa, yana gyara igiyar guga.

Na ce, "Yaya, mu koma bakin titi. Ciniki ya tafi can."

Ya ce, "Ciniki ba ya tafiya. Mutane ne suke yawo, za su dawo."

"Alhajin Maraɗi ma a can na gan shi jiya, yana canji wurin yaran nan."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, "Ya tambaye ni?"

"Ya ce in gaishe ka. Ya ce sauri yake yi."

Sai yayana ya lissafo mini dalilansa. Bayansa ba zai jure zaman benci kullum ba. Bakin titi idon hukuma ne, kowace motar 'yan sanda ta nan take bi. A Kura an san ubansa da kakansa, a Kwana kowa baƙo ne. Kuma masallaci yana kusa da rumfarsa. Duk dalilan na gaskiya ne. Amma ina jin akwai wanda bai faɗa ba: shi ya fara wannan abu, kuma ya yi masa nauyi ya ɗauki tabarmarsa ya bi yaran da suka koya a wurinsa.

A ƙarshe ya ce, "Kai ka je. Ka fi ni ƙafa."

Na ba ƙanin matata kula da gona, na ajiye nawa bencin a Kwana, ina canji hannu da hannu. Ba ni ne babba a wurin ba, amma abin da yake ratsa hannuna a yini ɗaya ya fi abin da yayana yake gani a ranar kasuwa guda. Da yamma idan na dawo ba ya tambayata nawa na yi, ni ma ba na faɗa.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne halin da rumfar ta shiga. Masu kawo sefa sun ragu ƙwarai, amma masu neman riƙo ba su ragu haka ba, domin dattawa irin su Ardo ba su yarda su ba samari kuɗin riƙo ba. Sai ya zama ana zuwa wurin yayana neman alkawari, alhali abin cika alkawarin a bakin titi yake sauka. Da farko yakan ce babu. Mutum ya marairaice, ya ce shekara nawa muna tare. Sai yayana ya karɓa, da niyyar zai sayi sefar kafin ranar, ko a wurina ko a wurin wani bafatake. Ƙyallayen nan masu launi suna nan a gwangwani, amma wasunsu babu komai a ciki. Sau da yawa hakan ya wuce lafiya. Ya saya da ɗan tsada, kuɗin riƙo ya rufe bambancin.

Sai ƙarshen wata damina, ana shirin girbi, mutane da yawa sun yi riƙo don tafiya sayen wake da dabbobi. A rediyo muka ji cewa daga yanzu kasuwa ce za ta yanka wa naira daraja, gwamnati ta cire hannunta. Ba mu fahimci bayanin duka ba, amma masu sefa sun fahimci abin da ya shafe su. Washegari duk wanda yake da ita ya ɓoye. Wanda ya yarda ya fito da ita, farashin da yake faɗa sai ka ɗauka wasa yake yi. Na zauna a bencina har azahar ban canja ko jaka ɗaya ba.

A Kwana riƙo ya watse cikin kwana kaɗan. Wasu samarin suka mayar wa mutane kuɗin riƙonsu suka ba da haƙuri, aka yi ta cacar baki, dillalai suka shiga tsakani. Ɗaya ya tafi wurin dangin uwarsa bai dawo ba sai da maganar ta lafa. Ba na ce su mugaye ba ne. Ba su da abin da za su cika da shi, kuma ba su da gidan da za a zo a same su.

Yayana yana da gida. Da safe ya kira ni ɗakinsa, ya juye gwangwanin a kan tabarma, ya ware ƙyallaye masu kuɗi gefe guda, marasa komai gefe guda. Marasa komai sun fi yawa.

Na ce, "Yaya, kowa ya san abin da ya faru. Ka mayar musu da kuɗin riƙo kamar yadda aka yi a Kwana. Babu wanda zai zarge ka."

Ya ce, "Don irin wannan ranar suka biya. Duk ranakun da sefa ta sauka na ci kuɗinsu ban mayar ba. Yau da ta hau sai in ce ban san zancen ba?"

Muka sayar da shanun huɗarmu biyu, da mashin ɗinsa, da buhunan takin da ya tara don rani. Matarsa ta fito da tasoshinta na jere ta ce a haɗa, ya ce ta mayar. Ni ya aika Kano. Na shiga Fagge wurin manyan 'yan canji, na sayo sefa a farashin da har na dawo gida ban daina jin ɗacinsa ba.

Ranar kasuwa ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna a rumfa. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu kansu a ƙasa, kamar su ne masu laifi. Wani dillali ya karɓi tasa, bai yi taku goma daga rumfar ba ya sayar wa wani a sabon farashi, muna kallo. Na miƙe, yayana ya riƙe mini riga. Ya ce, "Tasa ce. Ya yi yadda ya so da ita."

Ardo ne ya zo a ƙarshe. Ya ga turken shanunmu babu komai tun da ya wuce ta ƙofar gida da safe. Ya zauna, ya karɓi ƙyallensa, ya kwance, ya raba sefar biyu, ya tura rabi gaban yayana.

"Raguna sun yi mini yawa bana," in ji shi. "Ba ni da harawar da zan ba su."

"Ardo, ba haka muka yi ba."

"Ni na kawo maka wannan abu rumfarka. Ba ka roƙe ni ba. Ka bar ni in ɗauki nawa kason."

Suka yi ta turawa tsakaninsu. Daga baya yayana ya karɓa, domin da gaske babu abin da ya rage a gidan. A hanyar komawa ya ce mini duk asarar da ya yi ba ta yi masa ciwo kamar wannan rabin ba. Ni kuwa a raina godiya nake yi.

Surukina ya zo gidan bayan kwana biyu. Na zaci zai tuna masa maganar ƙofar masallaci. Ya zauna ya yi ta zancen tsutsar da ta shiga masara, da gyaran rufin masallaci, da wani jikansa da ya fara tafiya. Da zai tashi ya yi addu'a mai tsawo, ya ce idan lokacin huɗa ya yi a aiko a ɗauki shanunsa.

Labarin abin da yayana ya yi ya kai har Bunkure da Madobi. Makonni kaɗan rumfar ta cika kamar da. Mutane suna zuwa su yi masa jaje, su yabe shi, wasu su canja 'yan kuɗi don su nuna suna tare da shi. Na ga fuskarsa ta washe, ni ma na fara tunanin ko maganarsa ce za ta tabbata, mutane sun dawo. Da tumatir ya nuna, motoci suka jeru a bakin titi, sai kowa ya koma inda motarsa take. Waɗanda aka mayar wa kuɗin riƙo suna zagi, su ma na gan su a gindin darbejiya suna canji wurin samarin da suka zaga. Na tambayi ɗaya daga cikinsu. Ya ce, "Wallahi yayanka ya fi su gaskiya nesa ba kusa ba. Amma a nan sefar take."

Na daɗe ina juya wannan amsa. A da ina ganin kasuwa sakayya ce, wanda ya kyautata ta zauna masa. Abin da na gani shi ne mutane suna girmama mai gaskiya, su aurar masa da 'ya, su sa shi shaida, su kira shi rabon gado, amma kuɗinsu suna kai shi inda sauran kuɗi suka taru. Ba butulci ba ne. Mai kaya a mota yana da nasa iyalin da nasa alkawarin. Kuma ban iya cewa yayana ya yi kuskure da ya cika alkawari ba, ko surukina ya yi kuskure da zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Har yau idan aka tambaye ni hukuncin riƙo, cewa nake a tambayi malamai.

Yayana bai sake karɓar kuɗin riƙo ba. Canjin ma a hankali ya bar shi, ya koma kan iri da maganin feshi, kuma da aka shiga noman alkama gadan-gadan ya samu rufin asiri a sayar da irinta. Kwana ma ba ta daɗe tana cin moriyar ba. Motocin haya suka yawaita, shiga Kano ya zama abin awa guda, kuma zuwa ƙarshen shekarun nan aka ba da izinin buɗe shagunan canji a fili. A birni akwai dala da riyal da fam, akwai wayar tarho da ake jin farashin Legas kafin a karya kumallo. Manyan fatake suka riƙa wucewa ta gabanmu ba sa tsayawa. Abin da ya rage mana a bakin titi canjin direbobi ne da na masu sayen kwando biyu uku. Yadda muka yi wa rumfar Kura, haka birni ya yi mana. Samarin suka watse, wasu suka koma dillancin tumatir. Ni na bi cinikin zuwa Fagge, na samu gefen shagon wani na zauna, ina dawowa gida duk Alhamis.

Sau ɗaya yayana ya taɓa zuwa inda nake. Idonsa ne ya fara yana, na kawo shi asibiti a birni. Da muka fito da sauran rana, ya ce in kai shi ya ga wurin aikina. Muka sauka a bakin layin. Mutane cunkus, masu mashin suna kutsawa, yara suna bin motoci suna kiran dala da sefa, ana miƙa damman kuɗi ta tagar mota kamar ana miƙa goro. An ɗiga masa magani a ido, ba ya gani sosai, sai ya riƙe kafaɗata ya tsaya yana saurare.

Ya ce, "Kullum haka yake?"

Na ce, "Yau ma da sauƙi, Yaya. Sai lokacin aikin Hajji."

"Duk waɗannan sun san juna?"

"Wasu sun sani. Yawanci ba su sani ba."

Ya jinjina kai. Na shigar da shi shago, maigidan wurin ya taso ya gaishe shi da girmamawa, aka kawo masa kujera da ruwan sanyi. Ya zauna kamar rabin sa'a, yana jin yadda ake faɗin farashi ana amsawa. Wani yaro ya shigo da gudu ya faɗi sabon farashi, kafin ya fita wani ya shigo da wanda ya fi shi. Yayana ya yi 'yar dariya.

Da aka kira la'asar muka yi salla a masallacin layin. Na ce ya kwana, gobe in mayar da shi. Ya ce a'a, an ce ranar za a saki ruwa a kanal ɗin ɓangarenmu, kuma yana so ya ji ko yaran sun shayar da alkama. Na raka shi tasha, na sa shi a gaban mota kusa da direba saboda bayansa, na tsaya har suka cika suka tashi.